In hukuma ta zauna da kamfanin fasaha, wa ke da ikon ganin abin da aka rubuta?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana doka da waɗanda suka yi aikin gwamnati a cikinmu. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Su kamfanonin kashi 100 suka nema, suna cewa rabon da a taɓa farashi tun 2013, ga dizal ya yi tsada, ga Naira ta faɗi. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma kafin a tsaya a kan 50 ɗin nan ai an zazzauna. Su wa suka halarci zaman? Wane lissafi kamfanonin suka kawo? Me hukuma ta ce musu? In an rubuta, ni da nake sayen kati ina da ikon cewa a ba ni in karanta, ko kuwa sanarwar da aka raba wa 'yan jarida ita ce iyakar rabona?

Mai POS na Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, sanarwar ma alfarma aka yi maka. Ka sayi datarka kawai.

Barista:
A'a, kada ka kashe masa gwiwa tun ba a fara ba. Malam Baban Hanifa, a doka kana da wannan iko. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce ta ba ka shi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen watan Mayun 2011. Tun 1999 ƙudirin yake yawo a majalisa, a 2007 har ya isa teburin Obasanjo bai sa hannu ba. Abin da ta tanada shi ne ka rubuta wa hukuma ka faɗi takardar da kake so, kuma ba dole ba ne ka faɗi dalilinka. Kwana 7 gare su su ba ka amsa. In takardun na da yawa za su iya ƙara wasu kwana 7, amma sai sun sanar da kai. In suka ƙi, wajibi ne su rubuto maka sashen dokar da suka dogara da shi. In suka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kana da kwana 30 ka tafi kotu, kuma a can hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai za ka kawo hujjar nema ba. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 500,000 ce. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba. Har wanda bai iya rubutu ba dokar ta tuna da shi, wani zai iya nema a madadinsa.

Injiniya Kakuri:
Barista, karanta musu sashe na 15 mana, kada su tafi da murna. Ni a harkar sadarwa nake cin abinci, na san abin da ake ajiyewa a kan tebur a irin wannan zama. Kamfani zai kawo nawa yake kashewa a kan kowace hasumiyar sabis, nawa yake biyan masu gadi, inda zai shimfiɗa sabuwar wayar ƙarƙashin ƙasa baɗi, bashin da ke kansa. Ka ce a buga wannan kowa ya gani? Abokin gasarsa ne zai fara karantawa, ba Baban Hanifa ba. Sannan a jihar nan tamu ta Kaduna, taswirar inda hasumiyoyi suke da ranar da ake kai musu dizal ba abin liƙawa a bango ba ne, kun san hanyar Birnin Gwari. Ranar da kamfanoni suka tabbatar duk abin da suka faɗa zai fita, za su riƙa zuwa da lauyoyi su karanta jawabi su tashi. Hukuma ce za ta yi asara, don ba za ta ƙara jin gaskiyar halin da ake ciki ba.

Barista:
Sashe na 15 yana nan, ya kare sirrin kasuwanci, ban musa ba. Amma akwai sashe na 18 a gabansa, wanda ya ce in takarda ta ƙunshi abin da aka keɓe da wanda ba a keɓe ba, a cire na keɓewar a ba da sauran. Ranar zama ba sirrin kasuwanci ba ce. Sunayen mahalarta ba sirrin kasuwanci ba ne. Cewa kamfani ya roƙi a sassauta masa wata ƙa'ida, hukuma ta yi alkawarin dubawa, wannan ma ba shi ba ne. A shafe taswirar hasumiyoyin da baƙin alƙalami, a ba mu abin da ya rage.

Tsohon Darakta:
Ku yi haƙuri da tsoho, ina rubutu a hankali. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma tun ina ƙaramin ma'aikaci ni ake ba rubuta minit ɗin taro, saboda haka bari in gaya muku abin da za ku tarar ko da an buɗe muku fayil ɗin. Za ku ga an buɗe taro da addu'a. Za ku ga shugaba ya yi wa baƙi maraba. Sai ku ga layi ɗaya: an tattauna batun sosai, an kuma amince da kaza. Sai addu'ar rufewa. Awa uku na musu ya koma layi ɗaya. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma wanda ya rubuta ya san maigidansa zai duba kafin a buga, ya kuma san abin da maigidan ba ya son gani.

Na biyu, kuma shi ne babba. Maganar da ke da nauyi ba kasafai ake yin ta a ɗakin taro ba. Ana yin ta a ofishin shugaba kafin a shigo, ko a otal bayan isha'i, ko ta waya. Taron da ake kiran sakatare ya zauna da alƙalami, sau da yawa an riga an gama, tabbatarwa aka zo yi. Dokar da Barista ya karanto tana ba ka takardar da take akwai. Wadda ba a taɓa rubutawa ba fa?

Sannan mu an tarbiyyantar da mu a kan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Ranar da ka kama aiki ake sa ka rantsuwar riƙe sirri. Na san dokar 2011 ta rinjaye ta a inda suka ci karo, ta kuma kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya. To amma ƙaramin ma'aikaci bai taɓa ganin an hukunta wani don ya hana ba, ya dai ga an yi wa wani canjin wurin aiki don ya bayar. Wanne kuke ganin zai zaɓa?

Baban Hanifa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ya fi abin da na tambaya tayar da hankali.

Malama Barnawa:
Baba Darakta ya taɓo inda ciwon yake, kuma wasu ƙasashe ta nan suka ɓullo wa abin. Ba su tsaya jiran ɗan ƙasa ya rubuto wasiƙa ba, sun ɗora wa hukuma da kamfanin nauyin bayyana ganawar da kansu. A Amurka, hukumar sadarwarsu FCC tana da ƙa'ida: in ana cikin nazarin wata doka, kamfani ya je ya ga jami'i a kan batun, to kamfanin ne zai shigar da takarda cikin kwanakin aiki 2, ya faɗi wa ya gani da abin da ya gaya masa, a ajiye a fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa a intanet. Abokin hamayyarsa ya karanta ya kawo raddi. Injiniya, kamfanonin can ba su daina zuwa ba. A Tarayyar Turai, tun ƙarshen 2014 kwamishinoni ke wallafa jerin masu neman alfarma da suka gana da su, da rana da batu. A Ingila ma'aikatu na fitar da jerin ganawar ministoci duk bayan wata 3.

Ba wai can aljanna ba ce. A 2018 ministan Ingila mai kula da harkar fasaha a lokacin, Matt Hancock, ya gana da Mark Zuckerberg mai Facebook. 'Yan jarida sun shafe kusan shekara 2 suna fafutika kafin bayanan zaman su fito a ƙarshen 2020, sai ga shi a ciki Zuckerberg ya yi barazanar janye jarinsa daga ƙasar, yana ganin gwamnati na adawa da kamfanonin fasaha. An yi jan ƙafa, amma da yake wani ya rubuta abin da aka faɗa, ranar da aka tilasta fitarwa an sami abin fitarwa. Tamu dokar ta lissafa abubuwan da hukuma za ta wallafa ba sai an tambaya ba, amma rajistar ganawa da kamfanoni ba ta cikin lissafin.

Ɗan Kasuwar Barci:
Anti Malama, mu dawo gida. Ni abin da ban manta ba shi ne Twitter. An rufe ta a farkon Yunin 2021 bayan ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, aka buɗe ranar 13 ga Janairun 2022. Wata 7 muna shiga ta bayan gida, masu tallan kaya a can suka yi ta asara. Da za a buɗe sai shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya fito da sanarwa cewa kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya, zai naɗa wakili, zai biya haraji, zai kuma sa Najeriya a kafar da jami'an tsaro ke miƙa buƙatunsu. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Wace irin buƙata? Goge rubutu? Bayanan mai asusu? Ɓangare ɗaya ne ya ba mu labarin abin da aka shirya.

Barista:
A kan wannan ɗin ƙungiyar SERAP mai bin diddigin ayyukan gwamnati ta nemi kwafin yarjejeniyar a ƙarƙashin dokar 2011, ba a ba ta ba, ta kai ƙara. Sai a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin a bayyana. Ka duba tazarar: doka ta ce kwana 7, aka kwashe sama da shekara 2, gwamnatin da ta yi yarjejeniyar ta sauka, kamfanin ma ya sauya mai shi ya sauya suna. Ita kuwa kotun ECOWAS tun Yulin 2022 ta ce rufewar kanta ta saɓa wa doka.

Mai POS na Kawo:
To ka gani. Ƙungiya mai lauyoyi shekara 2. Ni mai rumfa sai jikokina su karɓi amsar.

Amma bari in faɗi yadda na fahimci abin. Ka ba dillali saniyarka ya kai kara, ya shiga ɗaki da mai saye suka rufe ƙofa, ya fito ya ce an sayar, ga kuɗinka. Ka ce nawa aka fara tayawa, ya ce sirri ne tsakaninsa da mai saye. Wataƙila dillalin nan mutumin kirki ne. Amma saniyar taka ce.

Injiniya Kakuri:
Hukuma ba dillalinka ba ce kai kaɗai. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora mata kare mai saye, ta kuma ɗora mata tabbatar da cewa masana'antar ba ta durƙushe ba. In kamfanoni suka kasa sayen dizal, na'urar POS ɗinka ce za ta fara mutuwa.

Malama Barnawa:
Injiniya, wannan hujja ce ta a buɗe, ba ta a rufe ba. In lissafin kamfanoni gaskiya ne, nuna shi ne zai sa mutane su haƙura. Da aka ɓoye ai ka ga abin da ya biyo baya, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, kowa a gari yana cewa an haɗa baki. Mai gaskiya a cikin hukumar shi ya fi kowa cutuwa da rufin, don ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa.

Dubi batun Binance, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto, a 2024. Jami'an kamfanin 2 suka zo Abuja zama da hukumomi a watan Fabrairu, aka tsare su, ɗaya ya tsere, ɗayan sai a Oktoba aka sake shi. Shugaban kamfanin ya yi zargin cewa a wata ziyara ta baya an nemi su ba da kuɗi a kashe maganar, gwamnati ta ƙaryata. Wa za ka gaskata? Kowa ya bi wanda zuciyarsa ta fi kwanciya da shi, tunda babu rubutaccen bayanin zama da jama'a za su duba.

Baban Hanifa:
Akwai kuma batun cin tara. A 2015 NCC ta ci MTN tarar Naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa rajista ba, Naira 200,000 kowane layi. A watan Yunin 2016 aka daidaita a kan Naira biliyan 330, a biya cikin shekara 3, da sharaɗin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya, ya kuma shiga a 2019. Mai yiwuwa ragin shi ne daidai, don kashe kamfanin ba zai amfani kowa ba. Amma fiye da Naira biliyan 700 ne ya sauka a teburin sulhu, har 'yan majalisa suka yi ta ƙorafi a kan yadda aka yi cinikin. Yanzu ga Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp: hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta ci ta tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Hukumar kare bayanai NDPC ma ta ci ta Dala miliyan 32.8, daga baya aka ji sun koma sulhu. Bayananmu ne fa ake magana a kai, na masu WhatsApp da Facebook. Ranar cin tara ana kiran 'yan jarida, ranar sulhu sai ƙofa ta rufu.

Ɗalibar KASU:
Iyayena ku ba ni dama. Ina aikin bincike a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne fayilolin zamanin Turawa. Za ka ga Razdan ya rubuta ra'ayinsa a gefen takarda, na sama da shi ya mayar masa, wani ya ce bai yarda ba ga dalilinsa, kowa da kwanan wata da sa hannu. Ba don mu suka rubuta ba, kuma mulkin mallaka suke yi, ban ce abin yabo ba ne. Amma yau ina iya bin yadda aka yanke wata shawarar haraji shekara 90 da suka wuce. Wanda zai yi bincike nan gaba a kan yadda aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, me zai tarar? Na Zamfara ma da aka fara, wasiƙar da NCC ta aika wa kamfanoni fallasa ta aka yi, ba wallafa ta aka yi ba.

Injiniya Kakuri:
Wannan kuma tsaro ne, 'yata. Ko Barista ba zai ce a sanar da 'yan bindiga ranar da za a kashe sabis ba.

Barista:
Kafin a kashe, a'a. Dokar ta keɓe abin da zai cutar da tsaro. Amma shekaru sun wuce. Tambayar ko an auna amfanin katsewar da illarta, ko an duba sakamakon daga baya, ba ta taimaka wa ɗan bindiga da komai yanzu. Kuma akwai sabon abu: jihohi sun daɗe suna cewa dokar 2011 ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Kaduna kuwa tun 2018 ta shiga shirin ƙasa da ƙasa na buɗaɗɗiyar gwamnati, OGP, ta riga sauran jihohi. Wanda ya kai kansa wannan layi ba zai ji daɗin cewa ba ya amsa wasiƙa ba.

Tsohon Darakta:
Zai ji daɗi ƙwarai, Barista, sai dai ba zai faɗa ba. Zai ce ana kan dubawa.

Ni dai in za a gyara, a fara da abu mai sauƙi. Kowane ofishi yana da littafin baƙi a wurin mai gadi ko sakatare, ana rubuta suna da lokaci. A wajabta wa shugabannin hukumomin nan su riƙa fitar da jerin duk wata: rana, kamfani, batu. A ce kuma jami'i ba zai gana da kamfanin da yake sa wa ido shi kaɗai ba, sai da mai rubutu. Na otal ba za ka hana shi gaba ɗaya ba, amma ka mayar da shi laifi, wanda ya yi ya san ya taka doka. Yanzu ko laifi ba ne.

Shugaban Zaure:
Magana ta yi tsawo. Barista, za ka tsara mana wasiƙa da sunan zaure? A zaɓi batu ɗaya.

Ɗan Kasuwar Barci:
Batun katse layukan waya. Shi ne namu na Kaduna.

Barista:
Shi za a fi saurin ƙi da sunan tsaro, mu ƙare a kotu. Ku bari mu fara da ƙarin farashi, mu nemi abu uku kawai: ranakun zama, sunayen mahalarta, da bayanan zaman bayan an cire sirrin kasuwanci. Zaure ba shi da rajista, saboda haka mutum ɗaya zai sa hannu da sunansa da adireshinsa.

Injiniya Kakuri:
Ku cire ni a cikin masu sa hannu. Har yanzu ina ganin na ukun ya yi yawa.

Tsohon Darakta:
Duk wanda zai kai, ya tafi da kwafi biyu. Kada ya miƙa wa mai gadi, kada ya bar wa wani ya ce zai shigar masa. Ya je rajista da kansa, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa da kwanan wata da sa hannu, don daga ranar ake fara ƙirga kwana 7 ɗin. In an ce mai hatimi ya fita, ya zauna ya jira shi.

Mai POS na Kawo:
Kuɗin jirgin Rigasa zuwa Abuja fa, zaure ne zai biya ko mai sa hannu?